Dogon Zama a Ƙasashen Waje: Iskar Gari Ma Tana Cikin Lissafin Ɗan Kasuwa

A duk lokacin da ɗan kasuwa ya ƙudura niyyar yin dogon zama a wata ƙasa, ko don saro kaya, ko jinya, ko kai 'ya'ya karatu, ko kuwa buɗe reshen kamfaninsa, akwai abubuwan da ba ya mantawa da su wajen lissafi: kuɗin jirgi, da na biza, da hayar masauki, da farashin dala a ranar da zai tashi. Abu guda da ba kasafai yake shiga littafin lissafin ba shi ne iskar garin da za shi, alhali kuwa babu abin da zai fi amfani da shi a can kamarta, domin kowane baligi yana shaƙar iskar da ta haura lita dubu 10 a kowace rana.

Ga wanda zai yi kwana biyar ya juyo, lamarin bai cika wuce tari da ƙaiƙayin ido ba. Amma ga wanda zai share wata uku, ko shida, ko shekara, musamman idan yana tafe da iyali, ko yana fama da asma, ko hawan jini, ko ciwon zuciya, maganar ta wuce ta jin daɗi, ta koma ta lafiya da dukiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutane miliyan 4.2 a shekarar 2019, akasarinsu ta hanyar ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da cututtukan huhu. Tun a shekarar 2013 kuma cibiyar binciken cutar daji ta hukumar ta sanya gurɓatacciyar iska cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar.

Ma'aunin da ya kamata a sani

Abin da masana suka fi sa wa ido shi ne wata irin ƙura mai matuƙar laushi da suke yi wa laƙabi da PM2.5, wadda kaurin silin gashin kai ya ninka ƙwayarta wajen sau 30. Tana fitowa ne daga hayaƙin motoci, da masana'antu, da janareta, da ƙona kwal ko itace ko daji, da kuma ƙurar hamada. Saboda ƙanƙantarta takan wuce hanci da maƙogwaro ta shige can cikin huhu, wani kaso ma har cikin jini.

Ana auna ta ne da maikirogiram a cikin kowace kubik mita ta iska. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaurara ƙa'idarta, inda ta ce matsakaicin awo na shekara kada ya wuce 5, maimakon 10 da ta tsayar a 2005, na yini guda kuma kada ya wuce 15. A shekarar 2022 hukumar ta bayyana cewa kashi 99 cikin 100 na al'ummar duniya suna shaƙar iskar da ta saɓa wa ƙa'idojinta.

Domin sauƙaƙa fahimta, masu bincike na cibiyar Berkeley Earth da ke Amurka sun kwatanta cewa wuni da kwana a cikin iska mai awo 22 ya yi kusan daidai da shan karan taba guda. Ko da yake kwatance ne kawai, ya isa ya nuna girman al'amarin: mazaunin garin da awonsa ya kai 90 tamkar mai shan kara huɗu ne a kowace rana, shi da matarsa da jaririnsa.

Inda iska ta fi tsabta

Kamfanin IQAir na ƙasar Suwizalan, wanda ke fitar da rahoto kan iskar ƙasashen duniya duk shekara, ya nuna cewa ƙasashe bakwai ne kacal suka cika ƙa'idar hukumar a shekarar 2023, wato Ostareliya, da Niyu Zilan, da Finlan, da Estoniya, da Aislan, da Girenada, da kuma tsibirin Morishus da ke tekun Indiya. A rahoton 2024 ma bakwai ɗin ne, sai dai Bahamas da Barbados sun maye gurbin Finlan da Morishus. A ɗaya gefen kuma, ƙasashen da iskarsu ta fi muni a 2024 su ne Cadi, da Bangaladash, da Pakistan, da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, da Indiya.

Duk wanda ya dubi jerin farko zai ga abin da ya haɗa su: yawancinsu tsibirai ne ko ƙasashen bakin teku, masu ƙarancin jama'a, inda iskar teku ke share hayaƙi. Wasunsu ma sun buɗe ƙofa ga masu son dogon zama. A shekarar 2020 Morishus, da Barbados, da Estoniya duk sun ƙirƙiro biza ta shekara guda ga baƙon da ke samun kuɗin shigarsa daga wajen ƙasar, wato irin mai kamfanin da zai iya tafiyar da harkokinsa ta waya da intanet. Sharuɗɗan irin wannan biza sukan sauya, saboda haka ofishin jakadancin ƙasar ne wurin tabbatarwa.

To, amma a nan gizo yake saƙa. Ɗan kasuwar Alaba, ko Kantin Kwari, ko Ariariya ba ya saro kaya a Aislan, kuma majinyacin ƙoda ba a tura shi Girenada. Hanyoyin fataucinmu da na jinyarmu sun fi bi ta Sin, da Indiya, da Masar, da Dubai, da Turkiyya, da Maleshiya, waɗanda babu ko ɗaya daga cikinsu a jerin masu tsabtar iska. Saboda haka, ga mafi yawan matafiya, zaɓen ƙasa ba a hannunsu yake ba. Abin da ke hannunsu shi ne zaɓen gari a cikin ƙasar, da watan da za a je, da unguwar da za a zauna. Bambancin da waɗannan abubuwa uku ke kawowa kuwa sau da yawa ya fi wanda ke tsakanin wata ƙasa da wata.

Ƙasar Sin: kudu ta fi arewa

Har yanzu akwai masu kallon ƙasar Sin da idon shekarar 2013, lokacin da matsakaicin awon birnin Beijin ya kusan kai 90. A wannan shekarar ce gwamnatin ƙasar ta fito da wani gagarumin shiri na rage ƙona kwal da fitar da manyan masana'antu daga birane, kuma a watan Maris na 2014 Firayim Minista Li Keqiang ya shelanta yaƙi da gurɓatar muhalli. Ya zuwa 2024, alƙaluman hukumomin birnin sun nuna awon ya sauko zuwa wajen 30. Wannan ci gaba ne babba, ko da yake har a lokacin ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya sau shida.

Birnin Guangzhou da ke kudu, inda 'yan kasuwar Afirka suka fi yawa, musamman a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli, kuma inda ake gudanar da shahararren baje kolin nan sau biyu a shekara tun 1957, ya fi Beijin sauƙi, domin a 'yan shekarun nan awonsa bai wuce 25 ba. Dalili kuwa shi ne yana kusa da teku, yana samun ruwan sama mai yawa, kuma ba a hura wutar ɗumama gidaje a can kamar yadda ake yi a arewa.

Wanda ya kamata ya yi hattara shi ne mai zuwa lardunan arewa irin su Hebei, da Henan, da Shandong, neman ƙarfe, ko taya, ko injuna. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Maris ake ɗumama gidaje a yankin, kuma a wannan tsakani ne iska ta fi lalacewa. Wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa hayaƙin kwal na ɗumama gidaje ya rage wa mazauna arewacin kogin Huai kimanin shekara 3 na tsawon rai idan aka kwatanta da na kudancinsa. Idan har zaman duba kaya a masana'anta zai iya jira, gara a kai shi bayan sanyi ya wuce.

Indiya: majinyaci ya fi kowa hasara

Babu inda zaɓen gari da lokaci ya fi muhimmanci kamar Indiya, domin da yawa daga cikin 'yan Nijeriya da ke dogon zama a can marasa lafiya ne da masu jinyarsu. Matsakaicin awon birnin Delhi ya haura 90 a shekarun 2023 da 2024, kuma wannan adadi ma ya ɓoye ainihin abin da ke faruwa a lokacin sanyi.

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba manoman jihohin Punjab da Haryana kan cinna wa ragowar karan shinkafa wuta domin su yi saurin shuka alkama. Hayaƙin yakan gangaro Delhi ya haɗu da na motoci, da ƙurar gine-gine, da na wasan wuta na bikin Diwali. Sa'an nan sanyi yakan sa iska mai ɗumi ta yi wa mai sanyi rumfa daga sama, sai hayaƙin ya rasa hanyar tashi, ya kwanta a kan gari tamkar an kife shi da ƙwarya. A watan Nuwamba na 2019 sai da aka kafa dokar ta-ɓaci kan lafiyar jama'a a birnin. A Nuwamba na 2024 kuma aka rufe makarantu, aka dakatar da gine-gine, aka hana yawancin manyan motoci shiga gari. A cikin wannan watan ne birnin Lahore na Pakistan, wanda ke cikin yanki guda, shi ma ya rufe makarantunsa.

Mutumin da aka yi wa aikin zuciya ko dashen ƙoda, aka ce ya zauna wata biyu ko uku kusa da asibiti domin a riƙa duba shi, idan zaman ya faɗo a wannan tsakani, to, an gudu ne ba a tsira ba. Alhali kuwa biranen kudancin ƙasar irin su Chennai, da Bengaluru, da Kochi suna da manyan asibitoci, kuma awon iskarsu na shekara bai kai rabin na Delhi ba. Ko a Delhin ma, watannin damina, daga Yuli zuwa Satumba, sun fi kowane lokaci tsabta. Idan ciwo na gaggawa ne, babu zancen jira. Amma idan aiki ne da ake sa masa rana, ya dace a tambayi likita tun daga gida ko za a iya sauya gari ko wata.

Masar da ƙasashen Tekun Fasha

A birnin Alƙahira, inda ɗalibai da majinyata daga Nijeriya suke da yawa, lokuta biyu ne abin lura. Na farko shi ne Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin abin da mutanen garin ke kira baƙin gajimare, wanda aka fara gani a 1999 sakamakon ƙona karan shinkafa a gonakin bakin kogin Nilu. Hukumomi sun rage shi ainun ta hanyar tattara karan daga hannun manoma, amma hayaƙin motoci da na ƙona shara bai gushe ba, abin da ya sa Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 a shekarar 2020 domin gyara iskar birnin. Na biyu shi ne Maris zuwa Mayu, lokacin iskar hamada mai zafi da ƙura da ake kira hamsin. Birnin Iskandariya da ke bakin teku yana cin moriyar iskar Bahar Rum, wadda Alƙahira ba ta samu sosai.

Dubai kuwa, kyan tituna da dogayen benaye sukan ruɗi baƙo. Rahoton IQAir na 2023 ya sanya Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa cikin ƙasashe goma mafiya gurɓatar iska, da awon da ya haura 40, kuma Iraƙi, da Kuwait, da Bahrain, da Ƙatar duk ba su yi mata nisa ba. Ƙurar hamada ce babban dalili, tare da hayaƙin masana'antun mai da gas, da jiragen ruwa, da motoci. Watannin zafi sun fi muni, na sanyi kuma, daga Nuwamba zuwa Maris, sun fi sauƙi.

Maleshiya da Turai

Iyayen da ke da 'ya'ya a jami'o'in Maleshiya ya kamata su san cewa iskar ƙasar matsakaiciya ce a yawancin shekara, sai dai lokacin rani, musamman Agusta zuwa Oktoba, idan aka cinna wa dazuzzukan tsibiran Sumatra da Borneo wuta domin share gonakin kwakwar manja da na itacen takarda. An ga mummunan hayaƙi a shekarun 1997, da 2013, da 2015, da 2019. A 1997 sai da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Sarawak, a 2015 da 2019 kuma aka rufe dubban makarantu. Ba kowace shekara abin ke tsananta ba, ya fi muni ne a shekarun fari.

A Turai ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Hukumar kula da muhalli ta nahiyar ta sanya garuruwan Uppsala da Umea na Suwidin, da Faro na kudancin Fotugal, a sahun gaba wajen tsabtar iska a jerin da ta fitar a 2024. Amma kwarin kogin Po da ke arewacin Italiya, inda Milan da Turin suke, kuma inda 'yan kasuwarmu ke zuwa neman takalma, da tayil, da injuna, yana cikin wuraren da suka fi gurɓata a nahiyar, saboda duwatsu sun kewaye shi, iska ba ta kaɗawa sosai. Haka nan kudancin Polan, inda gidaje da dama ke ƙona kwal a lokacin sanyi.

Darasin da ke cikin wannan ya shafi ko'ina: garin da ke cikin kwari, duwatsu sun zagaye shi, irin su Tehran, da Kathmandu, da birnin Meziko, yakan riƙe hayaƙinsa, na bakin teku kuwa yakan samu mai share masa. Har ila yau, ko ƙasa mai tsabtar iska tana da ranar baƙin cikinta, kamar yadda gobarar daji ta turnuƙe Sydney da Canberra a ƙarshen 2019 da farkon 2020, ta Kanada kuma ta rufe sararin birnin New York a watan Yuni na 2023.

Unguwa da gida

Bayan gari da wata, sai unguwa. Ɗan kasuwa yakan so masauki a bakin babban titi, kusa da kasuwa ko tashar mota, domin sauƙin zirga-zirga da arahar haya. To, a nan ne hayaƙin motoci ya fi taruwa. Bincike ya nuna cewa yakan ragu ƙwarai idan aka yi nisan mita 150 zuwa 300 daga babban titi, shi ya sa hukumomin jihar Kalifoniya ta Amurka suka ba da shawarar kada a gina gidaje da makarantu a ƙasa da mita 150 daga manyan hanyoyi.

Birnin Landan ya isa misali. Tun bayan hazon hayaƙi na Disamba 1952, wanda ya kashe dubban mutane har ya sa aka kafa dokar tsabtace iska ta 1956, birnin ya samu sauyi mai yawa. Duk da haka, a watan Disamba na 2020 wani mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke hukuncin cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya yi ajalin wata yarinya 'yar shekara 9 mai ciwon asma, wadda ta rasu a 2013, kuma gidansu na dab da wani babban titi a kudancin birnin.

Saboda haka, kafin a biya haya, ya dace a duba nisan gidan daga babban titi, da tashar jiragen ruwa, da masana'antu, da juji, a kuma fifita ɗakin da tagoginsa ba sa kallon titi. A garuruwan da iska ta yi muni, na'urar tace iska mai matatar HEPA a ɗakin kwana tana rage ƙurar sosai idan ƙofa da taga suna rufe, amma na'urar sanyaya ɗaki ita kaɗai ba ta wadatar ba. A waje kuma, takunkumin N95 ne yake tare wannan ƙura, na ƙyalle ba ya yin wani abin kirki.

Inda ake samun alƙaluma

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin awon iska na garuruwa fiye da dubu 6 a ƙasashe 117, kamar yadda ta sanar a 2022, kuma IQAir da hukumomin muhalli na Indiya, da Sin, da Turai suna fitar da nasu a intanet. Sai dai akwai abubuwa uku da ya kamata mai dubawa ya kiyaye.

Na farko, awon rana guda ba ya nuna halin gari. Abin nema shi ne awon kowane wata na shekara biyu ko uku da suka wuce, musamman na watannin da za a zauna. Na biyu, adadin da wayoyi ke nunawa da sunan AQI ba maikirogiram ba ne, maki ne da kowace ƙasa ke da nata tsarin lissafinsa, don haka maki 150 a tsarin Indiya ba daidai yake da 150 a na Amurka ba. Na uku, rashin ganin sunan gari a jerin masu gurɓatar iska ba shaidar tsabta ba ce. Ƙasashen Afirka 24 ne kawai cikin 54 suka samu shiga rahoton IQAir na 2023, kuma Cadi, wadda ta zo kan gaba a 2022 da 2024, ba ta fito a na 2023 ba saboda rashin alƙaluma. Giɓin ya ƙara faɗi a watan Maris na 2025, sa'ad da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta sanar da dakatar da fitar da awon da ofisoshin jakadancinta ke yi a ƙasashe da dama, aikin da aka fara a Beijin tun 2008.

Riba da hasara

Manyan kamfanoni sun daɗe da sanya wannan batu cikin lissafinsu. A watan Maris na 2014 kamfanin Panasonic na Japan ya sanar cewa zai riƙa biyan ma'aikatansa da ya tura ƙasar Sin ƙarin alawus saboda gurɓatar iska. Ƙaramin ɗan kasuwa da ke tura ƙanensa ko yaronsa ya zauna masa a Guangzhou ko Delhi ba lallai ne ya iya biyan irin wannan ba, amma zai iya ƙara kuɗin haya kaɗan domin a samu gida nesa da titi, ya sayi na'urar tace iska, ya tabbatar inshorar lafiyar ta haɗa da cututtukan numfashi. 

Ya kamata kuma a riƙa gwada iskar can da ta gida. Wani rahoton Bankin Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar mutane wajen 11,200 a Legas a shekarar 2018, tare da hasarar dala miliyan dubu 2 da miliyan 100, inda ya sanya awon birnin a kan 68. Fatakwal ta yi fama da baƙin toka mai sauka daga sama tun daga 2016, arewa kuma tana shan ƙurar hunturu daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi tsakanin Nuwamba da Maris. Ke nan dattijon da 'ya'yansa ke son fitar da shi daga hazon Disamba domin ya huta, idan aka kai shi Delhi ko Lahore, an guje wa gara ne an faɗa wa zago. Idan kuwa aka kai shi wani gari na bakin teku mai iska, tafiyar ta biya kuɗinta.

Ɗan kasuwar ƙwarai ba ya biyan kuɗin kwantena sai ya ga samfurin kaya. Dogon zama a wata ƙasa ma ciniki ne, kuma awon iskar garin na watannin da za a yi a can yana cikin samfurin da ya kamata a gani kafin a yanki tikiti.